Dakashi a Ƙasar Daura: Daga Tatsa a Zubar Zuwa Tatsa a Adana

1.0 Gabatarwa

Dakashi shi ne ruwan nonon nan na farko, mai kauri, mai launin ruwan ɗorawa, wanda yake fitowa daga maman mace ko hantsar dabba a kwana biyu ko uku na farko bayan haihuwa, kafin farin nono ya kawo. Kalmar tsohuwa ce a bakin Hausawa, har tana cikin ƙamus ɗin da Bargery ya wallafa a 1934. Jikin mace ba ya jiran ranar haihuwa kafin ya fara haɗa dakashi, domin tun ciki yana wajen mako goma sha shida ake samunsa a cikin mama. Saboda haka ne a wasu asibitocin Ingila da Ostareliya ake koya wa mai tsohon ciki yadda za ta tatsi ɗan abin da ya samu da hannunta, ta adana shi a cikin sanyi, don a ba jariri in bukata ta taso a ranarsa ta farko.

Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka ɗauki dakashi a ƙasar Daura da sauran ƙasar Hausa, da yadda ra'ayin likitocin duniya ya juya a kansa, sannan ta auna ko wannan dabara ta tatsa da adanawa tana da wurin zama a nan. Abin da takardar take son nunawa shi ne, tatsar dakashi daɗaɗɗen aiki ne a ɗakin maijego, sai dai a da ana tatsa ne a zubar. Hannun da ya iya tatsa yana nan. Abin da ya rage shi ne inda za a kai abin da aka tatsa, da kuma wanda ya kamata a fara yi tsakanin shayarwa nan take da adanawa.

2.0 Dakashi a al'adar haihuwa

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina, watau Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Tarihin sarautarta ya sami marubuta, tun daga labarin Daurama da rijiyar Kusugu, zuwa jihadi, zuwa dawo da Malam Musa kan gadon sarauta a 1906, kuma M. G. Smith ya yi babban littafi a kan haka a 1978. Tarihin ɗakin maijego kuwa a bakin tsofaffin mata da unguwarzoma yake. Daga cikin abin da aka rubuta, littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya ba da hoton haihuwa da jego da yaye kamar yadda mace ta gan su. Al'adun nan kusan iri ɗaya ne daga Zazzau zuwa Daura har Maraɗi da Damagaram, ko da yake kowane gari da ɗan nasa bambanci.

Idan mace ta sauka, ungozoma takan yanke cibiya, ta wanke jariri, a binne mabiyiya. Sai uba ko wani malami ya yi masa huɗuba. Abin da yake fara shiga bakinsa, a gidaje da yawa, shi ne ruwan dabino, ko zuma, ko ruwan zamzam, ko rubutu, daga baya kuma a bi shi da dauri. Ita kuwa maijego, sai a shiga yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, a dama mata kunun kanwa, a gasa mata mama a murza, a tatse dakashin a zubar. A wasu wurare akan jira kwana uku in namiji ne, huɗu in mace ce, kafin a sa jariri a mama. A tsakanin nan ana ba shi ruwan ɗumi da madarar akuya ko ta saniya, ko kuma wata mai goyo a gidan ta taimaka. Akwai kuma gwajin nono, musamman ga mai haihuwar fari: a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa ko cinnaka, in ta fita da rai nono lafiyayye ne, in ta mutu sai a ce yana da ɗaci ko yana da ƙaiƙayi, a nemi magani.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin sakaci ba, domin iyayenmu mata suna da hujjojinsu. Na farko, launin dakashi da kaurinsa sun yi kama da mugunya, ga shi kuwa nonon da ido ya saba da shi fari ne. Na biyu, ana ganin ya daɗe kwance a cikin mama wata da watanni, abin da ya daɗe a kwance kuwa Bahaushe ba ya yarda da shi. Na uku, kuma a ganina wannan ne ya fi ƙarfi, an yi imani cewa nonon mai ciki yana cutar da yaro. Shi ya sa in mace ta yi kwanika akan yaye na goye da gaggawa, in ya rame yana zawo a ce ya sha ciki. To, dakashi da ciki aka haɗa shi, saboda haka shi ma nonon ciki ne a wannan lissafi. Na huɗu, dakashi yana saurin fitar da baƙin kashin nan na farko, wanda mai kallo zai iya ɗauka ɓacin ciki ne. Daɗin daɗawa ga kunyar ɗan fari, wadda takan sa yarinya ta ƙi ɗaukar jaririnta a gaban mutane, balle ta ba shi mama, sai an matsa mata.

Abin lura shi ne, a rugar da take bayan gari ilmin daban yake. Makiyayi ya san ɗan maraƙin da bai sha dakashin uwarsa ba da wuya ya yi ƙwari, don haka ba ya wasa da wannan sha na farko. Me ya sa aka gane haka ga saniya, aka kasa ganewa ga ɗan Adam? Amsar tana cikin halitta. Ɗan maraƙi ana haihuwarsa ne ba tare da sinadaran garkuwar jiki daga uwarsa ba, sai ta dakashi yake samunsu, kuma hanjinsa yakan daina karɓarsu bayan kamar yini da kwana. In ya rasa, illar a fili take cikin 'yan kwanaki. Jaririn ɗan Adam kuwa yana samun wani kaso na garkuwarsa ta mabiyiya tun yana ciki. In an hana shi dakashi, yawanci yakan rayu, wanda kuma ya kamu da zawo ko ciwon huhu ya rasu kafin suna, ba mai danganta rasuwar da abin da aka zubar a bayan ɗaki. Da haka al'adar ta daɗe ba wanda ya tuhume ta.

3.0 Yadda ra'ayin likitoci ya juya

Ƙin dakashi ba Hausawa kaɗai suka yi shi ba. Soranus, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na biyu, ya hori a fara ba jariri dafaffiyar zuma, a nemo masa mai shayarwa, domin a ganinsa nonon uwa na farko yana da kauri da wuyar narkewa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma ya fi son wata mace ta fara shayar da jariri har jikin uwar ya daidaita. A 1990 Janice Morse da abokan aikinta sun duba bayanan al'ummomi 120 na duniya, suka tarar 50 daga ciki suna jinkirta sa jariri a mama fiye da kwana biyu. Watau mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sun kalli abu ɗaya sun yanke hukunci ɗaya.

A Ingila, William Cadogan ya rubuta a 1748 cewa a bar jariri ya sha nonon uwarsa na farko, domin shi ne yake wanke masa ciki. Hujjar kimiyya ta zo daga baya. A 1892 Paul Ehrlich na Jamus ya yi musayar 'ya'yan ɓeraye tsakanin uwaye, ya nuna cewa garkuwar jiki tana bi ta nono. A 1922 Theobald Smith da Ralph Little a Amurka suka nuna cewa yawancin 'yan maruƙan da aka hana dakashi suna mutuwa da cutar da ƙwayoyin hanji suke jawowa, abin da Bafillatani ya daɗe da sani a aikace. Wajen 1960 kuma Lars Hanson na Suwidin ya gano wani nau'in sinadarin garkuwa a nonon mace, wanda ya fi yawa a dakashi, aikinsa shi ne ya shafe bangon hanjin jariri ya hana ƙwayoyin cuta mannewa. Ban da shi, dakashi yana ɗauke da fararen ƙwayoyin jini masu rai, da bitamin A, da abinci mai gina jiki fiye da na farin nono. Ƙarancinsa ma daidai yake da bukata, domin a ranar farko abin da jariri yake sha a zama ɗaya bai fi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba.

Sanin amfanin dakashi ya zo daidai da yaɗuwar madarar gwangwani a ƙasashen da Turawa suka mallaka. Cicely Williams, likitar da ta yi aiki a Gana tun ana kiranta Gwalkwas, ta yi wata shahararriyar lacca a Singafo a 1939 inda ta ɗora alhakin mutuwar jarirai da yawa a kan tallan madara. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar da ta taƙaita wannan talla. A 1990 aka yi Sanarwar Innocenti a birnin Fulorans na Italiya, a shekarar kuma Nijeriya ta kafa Doka mai lamba 41 kan tallan abincin da ake sa wa a madadin nono. A 1991 aka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, wanda ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne a sa jariri a mama nan da nan bayan haihuwa. Hujja mafi kusa da mu ta fito daga Kintampo ta ƙasar Gana a 2006, inda Karen Edmond da abokan aikinta suka bi jarirai kusan dubu goma sha ɗaya, suka ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 16 cikin ɗari na mutuwar jarirai a watan farko in duk an fara shayar da su a ranar farko, kashi 22 kuma in an fara a cikin sa'ar farko.

4.0 Tatsar dakashi kafin haihuwa

Tatsa tun da ciki tana da nata tarihin mai hawa da sauka. A 1946 Harold Waller, likita a wani asibitin haihuwa na Wulwic a birnin Landan, ya ba da rahoton cewa matan da aka koya wa tatsar dakashi a watanni uku na ƙarshe sun fi samun sauƙin shayarwa. Manufarsa ita ce buɗe hanyoyin nono don kada mama ya kumbura, kuma abin da aka tatsa zubarwa ake yi, kamar dai a ɗakin maijegon Daura. A 1958 wani bincike a Suwidin bai ga wannan amfani ba. Daga baya kuma tsoro ya shigo, domin taɓa kan mama yana sa jiki ya saki sinadarin oksitosin, wanda shi ne yake murɗa mahaifa a lokacin naƙuda. Don gudun haifar bakwaini, sai yawancin asibitoci suka bar abin.

Ciwon sukari ne ya dawo da shi. Jaririn mai ciwon sukari ya saba da yawan sukari tun yana ciki, jikinsa yana fitar da insulin da yawa. Da an yanke cibiya sai sukarin jininsa ya faɗi, faɗuwar kuwa in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ga shi irin waɗannan mata farin nononsu yakan yi jinkirin kawowa, da yawansu kuma da tiyata ake cire musu. Abin da aka saba yi shi ne a ba jaririn madarar gwangwani. A 2006 Sue Cox, wata masaniyar shayarwa a Ostareliya, ta rubuta cewa gara uwar ta zo asibiti da dakashinta a daskare. Ungozomomin asibiti suka rungumi shawarar tun ba a tabbatar da rashin haɗarinta ba.

Tabbacin ya zo a 2017, lokacin da Della Forster da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi a asibitoci shida na jihar Biktoriya. Mata 635 masu ciwon sukari, waɗanda cikinsu ba shi da wata matsala dabam, aka raba gida biyu. Kashi ɗaya suka riƙa tatsa da hannu sau biyu a rana, kowane bai wuce minti goma ba, daga mako na 36. Ba a ga bambanci a lokacin haihuwa ba, kuma jariran da aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman kusan daidai suke, kashi 15 da kashi 14 cikin ɗari. Waɗanda suka sha nonon uwa zalla a sa'o'i 24 na farko sun kai kashi 69 a ɓangaren masu tatsa, kashi 60 a ɗaya ɓangaren. Abin da matsakaiciyar mace ta tara a duk makonnin bai wuce mililita biyar da rabi ba, watau ƙaramin cokali ɗaya da ɗigo kaɗan.

Yadda ake yi a asibitocin da suka karɓi dabarar shi ne, mace ta wanke hannu, ta ɗora babban yatsa da manuni a bayan baƙin da'irar mama, ta danna zuwa ƙirji ta matse ta saki, ta zuƙe ɗigon da ya fito da ƙaramin sirinji mai tsabta wanda ba allura, a rubuta suna da kwanan wata, a daskarar da shi a firiza. In an narkar, sai a yi amfani da shi cikin sa'o'i 24, ba a kuma mayar da shi. An hana wannan ga wadda ta taɓa haifar bakwaini, da wadda aka ɗinke wa bakin mahaifa, da wadda take zubar da jini, da wadda mabiyiya ta tare wa hanya. Wadda ta ji mara tana murɗawa kuma sai ta dakata ta nemi ma'aikaciyar lafiya.

5.0 Ina matsayin ƙasar Daura?

In aka ɗora wannan dabara a kan halin da ƙasarmu take ciki, abubuwa uku ne suke fitowa. Na farko shi ne wurin haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na haihuwa a Nijeriya a asibiti aka yi, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Binciken ya nuna jarirai 39 cikin kowane dubu suna rasuwa a watan farko, kashi 42 ne aka sa a mama cikin sa'ar farko, kashi 29 ne kuma na 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla, daga kashi 17 a 2013. Dabarar adanawa an gina ta ne a kan awon ciki, da gwajin sukari, da sanin makon ciki daidai. Macen da take ƙirga cikinta da wata, in ta yi kuskuren wata guda, za ta fara tatsa a lokacin da ba a gwada lafiyarsa ba.

Na biyu shi ne sanyi. Ƙa'idar da ake bi ita ce nonon da aka tatsa kada ya wuce sa'a huɗu a ɗakin da zafinsa bai haura digiri 25 ba. A Daura kuwa zafin bazara yakan haura 40. Firizar da wuta take ɗaukewa tana dawowa tana narkar da abin da ke ciki ta sake daskarar da shi, wannan kuwa shi ne abin da aka hana. Dakashin da ya lalace a hanyar Baure zuwa asibiti ya fi wanda aka zubar haɗari. Saboda haka adanawa ta dace ne da asibitin da yake da wuta tsayayya, ko ta hasken rana, kuma a asibitin ya kamata a ajiye, ga mata ƙalilan da likita ya zaɓa: masu ciwon sukari, da waɗanda aka sa wa ranar tiyata, da waɗanda hoto ya nuna jaririn zai sha wuyar kama mama.

Na uku shi ne zuciyar mutane. Ba a cewa mace ta adana abin da uwar mijinta take gani ƙazanta ne. A nan ne nake ganin koyar da tatsa yana da amfani ko babu firiza. In ma'aikaciyar awo ta nuna wa mai ciki wata tara ɗigon dakashi a yatsanta, ta gaya mata abin da yake ciki, a gaban kaka ko ungozomar da ta rako ta, to an fara warware zargin tun kafin ranar haihuwa. Macen da ta iya tatsa kuma, in ta haifi ɗan da ya kasa tsotso, za ta tatsa a cokali mai tsabta ta ba shi nan take, ba ta bukatar sanyi ko kwalba. Tsohuwar da ta iya murza mama ta zubar ita ce ta fi kowa saurin koyon wannan.

Malaman addini ma suna da abin faɗa. Alƙur'ani, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, bai ware kwanakin farko ba. Tahniki da ya tabbata a hadisi, kamar wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu, ɗan taunannen dabino ne ake shafawa a dasashi, bai zama dalilin ɗura wa jariri ruwa kwana uku ba. Abin sha'awa, wani gwaji da aka buga a 2013 daga ƙasar Niyuzilan ya nuna cewa shafa ɗan sukari mai kauri a cikin kuncin jariri yana ɗaga sukarin jininsa, a ci gaba da ba shi mama. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba wanda bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da take iya shanye masa jiki.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa zubar da dakashi hukunci ne da iyayenmu suka yanke bisa abin da idonsu ya gani, kamar yadda Soranus da Ibn Sina suka yanke, kuma ilmin da ya rushe hukuncin ya taru ne a hankali daga 1748 zuwa 2006. Ta kuma nuna cewa tatsa kafin haihuwa ta fara ne da zubarwa a Landan, aka bar ta don tsoro, aka dawo da ita don masu ciwon sukari, aka gwada ta a 2017 ga mata masu sauƙin ciki daga mako na 36 kawai. Ga ƙasar Daura, jerin aikin a bayyane yake: a fara da sa jariri a ƙirjin uwarsa cikin sa'ar farko, a bi da koyar da tatsa da hannu a wurin awo da wurin horar da unguwarzoma, sannan adanawa ta zo a ƙarshe, a asibitin da zai iya riƙon amanar sanyi. Akwai kuma aiki a wuyanmu mu malaman kwalejoji. Tsofaffin unguwarzoman Zango da Sandamu da Mai'aduwa da suka san yadda ake gwajin nono da sunayen itatuwan dauri suna ƙarewa, ya kamata ɗalibanmu na Hausa da na tarihi su je su ɗauko wannan sani daga bakinsu, domin mai son ya canza wa mutane al'ada sai ya fara sanin dalilin da ya sa suka riƙe ta.